Wayar da Aka Gwada a Rijiya

Shafi na 11

Masu cika min waya da saƙo wai na daɗe ban rubuta ba, na ji ku. Rijiya nake haƙa, ba zaman rubutu nake ba. Wanda ya matsu ya zo ya riƙe min igiya.

Inda muka tsaya, Kabiru ɗan yayata Nagoggo ya kira ni daga Fatakwal ranar Alhamis. Wata bakwai yana kiran uwarsa, kullum a ce masa wayar a kashe take. Ya ɗauka fushi take da shi don bai zo Sallah ba. Ita kuma can Kwarin Ɗinya, gaba da Babban Mutum, ta ɗauka shi ne ya watsar da ita. Har ta aika wa mai unguwa cewa ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, dattawa su zo a zaga iyaka. Gonarta ta bakin kwari, wadda ta gada wajen ubanmu, wadda kowa ya san Kabiru take ajiye wa, za ta ba ƙaninsa Hafizu a gaban shaidu.

Juma'ar kuwa washegari ce.

Za ku ce me ya hana ta tambaya. Kabiru ɗan fari ne, Yaya kuwa irin matan da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Ta gwammace abin ya cinye ta da ta buɗe baki a gaban mutum ta ce yaya labarin ɗana.

Ni dai tun a lokacin na zargi wayar. Da 'yar ƙaramar tsohuwar waya gare ta, mai madannai, rataye a ƙusa jikin taga, kuma tana ƙara. Hafizu ne ya karɓe ta, ya kawo mata babba mai shafawa, wai uwarsa ta fi ƙarfin rakani-kashi. Daga ranar ɗakin ya yi shiru.

Na ce wa Kabiru, "Gobe daga ƙarfe biyu ka fara kiran lambarta. Kar ka daina sai ka ji an ɗauka."

*

Ƙarfe takwas na safe ina bakin shagon Nwafor a cikin Daura. Shekararsa talatin a garin nan, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokon gyaruwa. Ni na haƙa masa rijiyar gidansa.

"A'a, Sarkin Rami! Yau ba ka shiga ƙasa ba?"

"Waya nake so."

"Ka zo gida. Akwai wata sabuwa, hoto kamar..."

"Ba hoto na zo ɗauka ba. Ƙarama nake so mai madannai. Wadda in sabis yana Sandamu za ta jiyo ƙamshinsa daga nan."

Ya yi dariya, ya zaro guda huɗu ya jera min.

"Duk suna ja. Duba kwalin, an rubuta."

"Wanda ya rubuta kwalin ya taɓa zuwa Kwarin Ɗinya?"

"Bai taɓa ba."

"To ni ma ban yarda da shi ba. Ɗauko su, ka hau bayana."

"Ina za mu?"

"Rijiya."

Matarsa Nkechinyere tana cikin shagon tana goge gilashi. Ta tsaya da tsumman a hannu.

"Malam Sha'aban, wanka za ka yi musu?"

"Busasshiya ce, Madam. Gaba takwas na ci ban taɓa ruwa ba."

"In ɗaya ta faɗa, kai ma ka bi ta. Kar ka dawo min da miji da labari."

*

Rijiyar tana wani sabon gida a hanyar fita gari. Na ɗauko guga, na shimfiɗa hulata a ciki.

Ga yadda abin yake, don wasunku su koya. A cikin gari, ƙarƙashin ƙarfen sabis, kowace waya jaruma ce. Ko ta wasan yara ka kawo za ta cika sanduna. Amma Kwarin Ɗinya rami ne, tudu ya kewaye shi, ɗakin Yaya kuma ginin ƙasa ne mai kaurin bango. Wayar da za ta yi aiki a can sai wadda ta iya zaman rami. Rami kuwa ba wanda zai koya min shi a ƙasar Daura.

Nwafor ya sa layi a ta farko. Na sa ta a guga, na saki igiya gaba ɗaya.

"Kira."

Ta yi ƙara.

Na ƙara gaba ɗaya. Ya kira. Shiru.

"Gaba biyu ta mutu," na ce. "Mai da ita kwalinta."

"Wannan fa ita aka fi saya!"

"Shi ya sa mutanen garin nan kullum suke ihu a waya."

Ta biyu mai kyau ce, ja, har da fitila biyu. Ta kai gaba uku ta yi gum. Ta ukun ma haka.

Ta huɗun baƙa ce, mummuna, mai kauri kamar sabulun wanki. Nwafor ma da yatsa biyu ya miƙo min ita.

"Wannan tun bara take shago. Ba wanda ya taɓa tambaya."

Gaba biyu, ta yi ƙara. Gaba uku, ta yi ƙara. Gaba huɗu, Nwafor ya durƙusa a bakin rijiya ya kasa kunne. Muryarta ta taso daga ƙasa, rau, kamar ana buga kwano.

"Chineke!"

"Bar kiran Allah da yare, sake kira."

Gaba biyar. Aka ɗan jima. Sai ga ta, ta yi ƙara sau biyu kafin ta yanke.

Na jawo igiyar ina jin kaina kamar ni na ƙera ta.

"Ka gani? Shekara da shekaru kana sayar da waya, yau mai haƙar rijiya ya nuna maka wadda ta fi."

"Na sallama, Sarkin Rami. Wa za a kai wa?"

"Yayata. Kwarin Ɗinya."

Dariyarsa ta ɗauke.

"Wanda ke bakin iyaka?"

"Akwai wani ne?"

Ya karɓi wayar ya juya ta a hannu.

"To gwajinka ya yi, amma rabin aiki ka yi."

"Kamar yaya rabi?"

"A can ba rashin sabis ne kaɗai ciwon ba. Ƙarfen Nijar ya fi kusa da su a kan namu. Waya in ka bar ta da zaɓin kanta, wanda ya fi ƙarfi take bi. Sai ta tsallaka. Tana hannunka, sanduna a cike, amma ta bar ƙasar. In layin ba a buɗe masa yawo ba, duk wanda ya kira daga nan a ce masa a kashe take. Wannan da ta fi ja, ita za ta fi saurin tsallakawa."

Ba na son a gyara min magana, amma gaskiya ce.

"Maganinsa?"

"A ɗaure ta da hannu a kan na gida. Minti biyu ne. Ai haka na gaya wa yaron nan da ya kawo min babbar..."

Ya tsaya.

"Wane yaro?"

"Wani ne kawai."

"Nwafor."

"Ni ɗan kasuwa ne, Malam Sha'aban. Ba na shiga maganar gidan mutane."

"Ka riga ka shiga. Dogo ne, mai tabo a gira?"

Ya hau kakkaɓe ƙasar gwiwarsa.

"Yaushe ya zo?"

"An fi wata biyar. Ya ce wayar tsohuwarsa ce, ba a samunta. Na duba, na gaya masa abin da na gaya maka. Na ce kawo in ɗaure. Ya ce in bari, zai dawo."

"Ya dawo?"

"Bai dawo ba."

Na naɗe igiya, na ɗaure guga a bayan babur.

"Hau."

"Shago zan koma."

"Kwarin Ɗinya za ka. Abin da ka faɗa min, a gabanta za ka faɗa."

"Haba! Juma'a ce fa, ranar ciniki."

"Kai kana da uwa?"

"Tana nan, a can gida."

"Yaushe ka ji muryarta?"

"Lahadi. Duk Lahadi in an taso coci."

"In ta yi wata bakwai tana kallon waya ba ka kira ba fa?"

Ya kalle ni. Ya cusa baƙar wayar a aljihu, ya ɗaga ƙafa ya hau.

*

Na yi Juma'a a Babban Mutum, Nwafor yana jira na a rumfar mai shayi. Muna gangarawa kwarin na hango su. Mai unguwa da dattawa uku a kan tabarma a ƙofar gidan Yaya. Hafizu tsaye a kansu da sabuwar hula, yana zuba musu fura.

Da ya ga wanda ke bayana, ludayin ya tsaya a hannunsa.

"Kawu, sannu da zuwa. Ba ka ce za ka zo ba."

"Sai na nemi izininka? Biyo ni ciki."

Na gaida dattawa, na ce su ba ni minti goma. Mai unguwa ya ce rana dai tana yi.

Yaya tana bakin gado da mayafinta, ta shirya fita gona. Babbar wayar tana kan kwalla, an lulluɓe ta da ɗan kyalle kamar abin gado. Na durƙusa na gaishe ta. Nwafor ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Sha'aban, lafiya da baƙo tsakar rana?"

"Lafiya, Yaya. Yaron nan yana kiran ki."

"Wane yaro?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Ni na aike ka?"

"Ba ki aike ni ba."

"To ban tambaye ka ba."

"Wata bakwai yana kira. Duk Juma'a, wani lokacin har da Litinin. Wayar nan ce ba ta karɓa."

Ta kalli kwallar, ta kalle ni.

"Wayar nan da ake cewa ko a Kano ba kowa ke da irinta ba? Kullum sai na aika an yi mata caji. Kullum tana haske. Abin da ke haske ne zai ƙi karɓar kira? Wanda bai kira ba dai bai kira ba."

Nwafor ya ɗauki wayar ya duba, ya juyo da fuskarta.

"Mama, ga shi nan a sama. Sunan kamfanin Nijar ne. Wayarki tana ɗakin nan, amma aikin can take yi."

"Ɗan nan, ni ba karatun boko na yi ba. Ko sunan ubanka ka nuna min, zane ne a wajena."

"To bar rubutun," na ce. "Nwafor, faɗa mata wanda ya kawo maka ita."

Hafizu ya matso.

"Kawu, wannan ba maganar baƙo ba ce."

"Rufe min baki. Nwafor."

Nwafor bai ɗaga kai ba.

"Mama, ki yi haƙuri. Shi ya kawo min ita shago, wata biyar da suka wuce. Na gaya masa ciwon. Na ce gyaran minti biyu ne. Ya ce in bari."

Daga waje ana jin dattawa suna hirar taki.

Yaya ta juya a hankali.

"Hafizu."

"Inna..."

"Haka ne?"

Na ɗauka zai yi ƙarya. Bai yi ba. Ya cire hular nan ya matse ta a hannu.

"Haka ne."

"Ɗan banza!" na ce. "Kuma in yayanka ya kira ka, me kake ce masa?"

"Ce masa nake tana lafiya, ba ta son magana."

"Ka ji tsoron Allah kuwa?"

"Kawu, tsaya! Ni ma bari in faɗi tawa!" Muryarsa ta tashi. "Wa ke nan? Da ta faɗi a bayan gida, wa ya goya ta zuwa bakin titi? Shekara uku wa ke nome gonar nan? Ni nake huɗa, ni nake shuka, ni nake girbi, amma ko yaron da aka yaye jiya ka tambaya sai ya ce maka gonar Kabiru. Shi nasa waya. Ya kira minti biyar, a yi sati ana murmushi a gidan nan."

"Sai ka raba ɗa da uwa?"

"Wallahi da farko ban sani ba. Alheri na yi niyya da na sayo ta. Da na sani kuma kunya ta kama ni, na gama cika baki a gari. Sai na ce bari in jira. In ta tambaye ni ko sau ɗaya, ta ce Hafizu, yayanka shiru, a ranar zan kai a gyara." Ya juya wajenta. "Inna, wata biyar ina jira. Ba ki tambaya ba."

Yaya ta dube shi.

"Ka san ba zan tambaya ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Amma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai.

Ta gyara mayafi, ta yunƙura za ta tashi.

"Duk na ji ku. Amma baki ne. Kai ka faɗi taka, baƙo ya faɗi tasa. Ni kunnena bai ji komai ba. Na tara dattawa, ba zan mai da su yara ba."

"Yaya, ba ni minti biyar."

Nwafor ya riga ya zare layinta daga babbar ya sa a baƙar. Yatsunsa na ta danne-danne.

"Ta ga na Nijar guda biyu," ya ce. "Namu bai fito ba tukuna. In an hau tudun can na bayan gari, tabbas zai kama."

"Ni?" in ji Yaya. "Da furfurata in hau tudu, gari na kallo, in tsaya jiran kiran abin da na haifa? Sai dai gonar ta tafi."

Na san ta. Ko ɗaure ta aka yi ba za ta hau ba. In wayar nan ba ta yi ƙara a cikin ɗakin nan ba, magana ta ƙare.

Na karɓe ta daga hannunsa. Na dubi bangon, na dubi rufin. Gabas tudu ne, arewa Nijar. Kudu ce kaɗai ƙofar da sabis ɗinmu zai shigo, tagar kuma kudu take kallo. Na ɗaga ta daidai ƙusar da tsohuwar ke rataye.

"Sake nema."

Ya miƙe ya danna. Muka zuba ido. Ta yi ta lalube, ta yi ta lalube.

"Ga shi!" Nwafor ya buga cinyarsa. "Ya fito! Riƙe nan, kar ka motsa!" Ya danna sau biyu. "Na ɗaure ta. Yanzu ko Nijar ta zo da ganga ba za ta bi ba."

Sanda ɗaya. Ta ɓace. Ta dawo. Ta zama biyu, ta tsaya cak.

Na tsinke zaren carbina na ɗaure ta a ƙusar. 'Ya'yan carbin suka watse a ƙasa, ban ko kalle su ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Biyu da kwata."

Shiru. Wayar na lilo a jikin bango.

Daga waje mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Nagoggo! A je gonar ne ko mu watse?"

Yaya ta miƙe. Ta sa takalmi ƙafa ɗaya.

Sai wayar ta fashe da ƙara.

Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗinta ba. Mummunar aba, amma murya kamar ta mai shela. Kajin tsakar gida sai da suka watse.

Yaya ta tsaya da takalmi ɗaya. Ba ta matsa ba.

"Yaya, ɗauka."

Ba ta ko kalle ni ba. Wayar ta yi ta yi har ta gaji ta yanke.

"Haba Mama!" in ji Nwafor, kamar zai yi kuka.

"Bar ta," na ce. "Zai sake."

Ya sake.

A ƙara ta uku ta miƙa hannu. Ta kasa kwance zaren, sai ta fizge shi. Ba wanda ya nuna mata inda za ta danna. Irin wayar da ta sani ce.

Muryar ta cika ɗakin.

"Inna? Inna! Ke ce?"

Ta runtse ido. Ta juya mana baya, ta fuskanci bango, ta daɗe a haka.

Sannan ta ɗaga murya wajen ƙofa.

"Mai unguwa, ku ƙara zama."

Ta juyo. Idonta a bushe. Ta miƙa wa Hafizu wayar.

"Karɓi. Gaya wa wancan da bakinka wa aka zo ba gonar yau."

Hafizu ya ja da baya har ya bugi bango. Hannunta na nan a miƙe.

"Inna, wa ke nan?" in ji muryar. "Hafizu, kai ne? Wace gona?"